Takardar neman tallafin bincike

Takardar neman tallafin bincike, wadda malaman jami'a suka fi kira furofozal, rubutaccen shiri ne da mai bincike ko ayarin masu bincike ke miƙa wa wata hukuma ko gidauniya domin a ba su kuɗin gudanar da bincike. Takardar tana bayyana matsalar da za a nazarta, dalilin da ya sa ta cancanci nazari, hanyar da za a bi, mutanen da za su yi aikin, lokacin da zai ɗauka da kuma kuɗin da zai ci. A Najeriya babbar hukumar da ke karɓar irin wannan takarda daga manyan makarantun gwamnati ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wanda aka fi sani da TETFund.

Yawancin masu ba da tallafi suna sanya wa'adi, wato rana da sa'ar da za a rufe karɓa, kuma takardar da ta zo bayan wa'adi ba a karanta ta komai ingancinta. Tun da tallafin da sunan makaranta ake bayar da shi, takardar kan bi ta ofisoshi da dama a cikin jami'a kafin ta fita. Saboda haka shirya ta a kan lokaci ya ƙunshi rubutu, lissafin kuɗi, neman izini, da tattara sa hannun jami'ai.

Asali

Tsarin ba da kuɗin bincike ta hanyar gasa ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci suka fara zuba kuɗi masu yawa a binciken jami'o'i. A Amurka an kafa Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa a shekarar 1950, kuma ta ɗauki tsarin da masana fanni ke karanta takardun 'yan uwansu masana su ba su maki. Wannan tsari ya bazu zuwa Turai, Asiya da Afirka. A nahiyar Afirka, ƙungiyar CODESRIA da aka kafa a 1973, mai hedikwata a Dakar, tana cikin tsofaffin masu ba da tallafin binciken zamantakewa.

A Najeriya asusun da ke ɗaukar nauyin yawancin binciken jami'o'i ya samo asali ne daga yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Daga nan aka yi dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanonin da ke da rajista a ƙasar harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Da farko kuɗin yana zuwa ga dukkan matakan ilimi. Dokar 2011 ta sauya sunan asusun zuwa TETFund, ta kuma taƙaita shi ga jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi na gwamnatin tarayya da na jihohi, bisa rabon 2:1:1. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan zuwa kashi 3 a ta 2023.

Masu ba da tallafi

TETFund tana da manyan hanyoyi biyu na tallafa wa bincike. Ta farko ita ce tallafin bincike na cikin makaranta, wanda ake kira IBR. Ƙaramin tallafi ne da aka yi domin farfaɗo da al'adar bincike, musamman tsakanin ƙananan malamai, kuma shekaru da dama iyakarsa naira miliyan 2 ce ga kowane aiki. Malami yana miƙa takardarsa ga kwamitin bincike na makarantarsa, kwamitin ya tantance, sannan shugaban makaranta ya aika waɗanda aka zaɓa zuwa ofishin TETFund da ke Abuja.

Ta biyu ita ce Asusun Bincike na Ƙasa, wato NRF, wanda gasa ce tsakanin masu bincike na duk faɗin ƙasar. Asusun ya fara da naira biliyan 3. A wa'adin shugabanci na biyu na Farfesa Suleiman Elias Bogoro an ware masa biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, da biliyan 8.5 a 2021. An kasa shi gida uku: kimiyya, injiniyanci, fasaha da ƙirƙira, fannonin ɗan'adam da zamantakewa, da kuma binciken da ya ratsa fannoni da dama. Ayari ne ke nema a ƙarƙashin jagoran bincike guda, kuma aiki ɗaya yana iya samun miliyoyin naira masu yawa fiye da na IBR.

Daga waje kuwa akwai gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, gidauniyar Gates, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ake kira NIH, cibiyar IDRC ta Kanada, hukumar DAAD ta Jamus, da shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai. Bankin Duniya ya tallafa wa cibiyoyin ƙwarewa a wasu jami'o'i, ciki har da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, Kano. A fannin harshe akwai shirin ELDP, wanda ke ba da kuɗi don taskace harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Kowane ɗayan waɗannan yana da nasa fom, nasa ƙa'idojin kashe kuɗi da nasa wa'adi.

Sassan takardar

Tsarin takardar yana kama da babin farko na kundin digiri, sai dai ta fi shi gajarta, kuma ta ƙunshi kuɗi da jadawali. Sassan da aka fi samu su ne:

Take da tsakure. Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya. Shafukan intanet na masu ba da tallafi suna ƙayyade yawan kalmomi ko haruffansa, kuma sau da yawa da shi ake zaɓar masanin da za a ba takardar ya duba.

Gabatarwa da matsalar bincike. Nan ake faɗin abin da ba a sani ba ko abin da ya lalace, a wane wuri, kuma wa abin ya shafa.

Bitar ayyukan da suka gabata. Ana nuna abin da magabata suka yi da giɓin da suka bari. Daga giɓin ne ake fitar da hujjar ci gaba da bincike.

Manufa da tambayoyin bincike. Akan so babbar manufa guda da ƙananan manufofi kaɗan waɗanda za a iya aunawa. Kowace manufa tana buƙatar hanyar da za a cim mata da kuma layinta a kasafin kuɗi.

Farfajiya da hanyoyin gudanar da bincike. Wannan sashe yana bayyana wurin da za a yi aikin, yawan mutane ko samfurin da za a ɗauka, yadda za a zaɓe su, kayan aiki, da yadda za a ƙalailaice bayanan. Masu tantancewa sun fi tsayawa a nan, domin a nan ake gane ko aikin zai yiwu.

Jadawalin aiki. Akan zana shi a tebur mai nuna kowane aiki da watannin da zai ɗauka.

Sakamako da amfani. Ana lissafa abin da za a samar, kamar maƙala a mujallar ilimi, littafi, manhaja, sabon iri, ko shawara ga gwamnati, tare da waɗanda za su amfana.

Ayarin bincike. Ana haɗa tarihin aikin kowane ɗan ayari da rawar da zai taka. Masu ba da tallafi da yawa suna son ganin ƙananan malamai da ɗaliban manyan digirori a cikin ayari, domin aikin ya zama horo gare su.

Manazarta da rataye. A rataye ake saka takardar tambayoyi, takardar neman yardar mahalarta, wasiƙun abokan haɗin gwiwa da takardun farashin kaya.

Kasafin kuɗi

Kasafi yana fassara hanyar bincike zuwa naira. Ana rarraba shi zuwa kayan aiki, kayan da ke ƙarewa kamar sinadarai da takarda, tafiye-tafiye, alawus na mataimaka, nazarin bayanai, da wallafa sakamako. Kowane layi yana buƙatar bayanin dalilinsa. Idan an rubuta cewa za a yi hira da magidanta 300 a ƙauyuka 10, kasafi zai nuna mataimaka nawa za su yi hirar, cikin kwana nawa, da kuɗin mota da abinci na waɗannan kwanakin. Rashin jituwa tsakanin hanyar bincike da kasafi yana cikin abubuwan da ke zubar da maki.

Masu ba da tallafi suna da jerin abin da ba sa biya. Wasu ba sa sayen mota ko gina ofis, wasu ba sa biyan albashi, wasu kuma suna ƙayyade kason da jami'a za ta ɗauka a matsayin kuɗin gudanarwa. Sayen manyan kaya a jami'ar tarayya yana bin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, a 2015 kuma aka tilasta bi da kuɗin ta asusun bai ɗaya na gwamnati. Duka biyun suna cin lokaci, don haka akan saka su a jadawali.

Hauhawar farashi ma tana shafar kasafi, saboda tsakanin rubuta takarda da fitowar kuɗi akan ɗauki watanni. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin hukuma na lita ɗaya ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar Amurka, wadda take wajen naira 460 a kasuwar hukuma a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Kasafin da aka rubuta kafin waɗannan sauye-sauye, musamman mai ɗauke da na'urori ko sinadaran da ake shigowa da su, ya kasa sayen abin da aka tsara. Shi ya sa ake rubuta ranar da aka karɓi farashi, a kuma saka layin ko-ta-kwana inda ƙa'ida ta yarda.

Izinin ɗa'ar bincike

Binciken da ya shafi mutane, jininsu, lafiyarsu ko bayanansu na sirri yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ƙa'idar duniya da aka fi dogaro da ita ita ce Sanarwar Helsinki ta 1964. A Najeriya akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, kuma shi ke yi wa kwamitocin jami'o'i da asibitoci rajista. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ɗora wa mai bincike nauyin adana sunaye, lambobin waya da muryoyin da ya naɗa.

Batun neman yarda yana da tarihi a Arewacin Najeriya. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, wanda ya shafi yara kimanin 200. Taƙaddamar da ta biyo baya kan ko iyaye sun fahimci abin da aka yi ta kai ga shari'o'i a Najeriya da Amurka, da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar Kano a 2009. Har yanzu ana kawo wannan misali a darussan ɗa'ar bincike.

Kwamitocin ɗa'a ba kullum suke zama ba, kuma sukan mayar da takarda a yi gyara. Wasu masu ba da tallafi suna karɓar shaidar cewa an nemi izinin, wasu kuma ba sa sakin kuɗi sai an nuna izinin kansa.

Wa'adi da miƙawa

Wa'adin da ke jikin sanarwa shi ne na ƙarshe a jerin wa'adodi. Kafin shi, takardar kan wuce ta hannun shugaban sashe, shugaban tsangaya, ofishin bincike na jami'a, ma'ajin jami'a idan akwai batun kasafi, sannan shugaban jami'a ko wanda ya wakilta ya sa hannu a wasiƙar goyon baya. Jami'o'i da yawa a Amurka da Birtaniya suna buƙatar a kai wa ofishin bincike cikakkiyar takarda kwanaki da dama na aiki kafin wa'adin mai ba da tallafi. A Najeriya kuwa kwamitin bincike na makaranta yakan sanya tasa ranar rufewa, wadda ke gaba da ta TETFund.

Don haka masu horaswa suke ba da shawarar a lissafa kwanaki daga ranar rufewa a dawo baya. Ana fara karanta sanarwar domin tabbatar da cancanta: muƙamin da ake buƙata ga jagoran bincike, irin makarantar da aka yarda ta nema, da fannonin da aka fi so. Sai a haɗa ayari a raba aiki, a nemi wasiƙun abokan haɗin gwiwa da takardun farashi tun da wuri domin suna hannun wasu, a rubuta daftari, a ba wani masani ya karanta, a duba satar fasaha da manhaja irin Turnitin, sannan a shiga zagayen sa hannu.

Rajista a shafin mai ba da tallafi aiki ne mai zaman kansa. Mai neman kuɗin NIH sai makarantarsa ta yi rajista a shafukan gwamnatin Amurka ta sami lambar shaida, kuma hukumar tana gargaɗin cewa hakan kan ɗauki mako shida ko fiye. Shirin Horizon Europe ma yana buƙatar lambar shaidar makaranta. Masu ba da tallafi da dama suna neman lambar ORCID ta kowane mai bincike.

Sa'ar rufewa tana bin agogon da sanarwa ta ambata. NIH tana rufewa da ƙarfe 5 na yamma a agogon makarantar da ke nema, kuma duk kuskuren da shafin ya gano sai an gyara shi kafin wannan sa'a. Horizon Europe yana rufewa da ƙarfe 5 na yamma agogon Burasel. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Burasel daidai yake da na Najeriya, amma a sauran watanni yana gaba da sa'a guda, wato ƙarfe 4 na yamma ke nan a Katsina.

Abubuwan da suka fi kawo makara sun haɗa da ɗaukewar wutar lantarki, raunin intanet, cunkoso a shafi a ranar ƙarshe, fayil ɗin da ya wuce girman da aka yarda, da tafiyar jami'in da zai sa hannu. Yajin aiki ma yana tsayar da ofisoshi. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, alhali wa'adodin masu ba da tallafi na waje ba su tsaya ba. Bayan an miƙa takarda, akan adana saƙon shaidar karɓa da shafin ya turo, domin shi ne hujja idan aka sami saɓani.

Tantancewa

Matakin farko na ofis ne, inda ake duba cancanta, cikar takardu, da bin ƙa'idar tsawo. Takardun da suka tsallake su ake ba masana. A gasar NRF ana fara miƙa gajeriyar takardar ra'ayi ta intanet. Waɗanda aka zaɓa su rubuta cikakkiyar takarda, sannan a gayyaci jagororin binciken da suka yi fice su kare aikinsu da baki a gaban kwamiti. Gidauniyar Kimiyya ta Amurka tana auna abu biyu, wato darajar aikin a ilmance da amfaninsa ga al'umma. Horizon Europe yana auna uku: nagarta, tasiri, da ingancin shirin aiwatarwa.

Dalilan da ake yawan ƙin takarda su ne rashin dacewa da fannin da aka sanar, manufofin da suka fi ƙarfin kuɗi da lokaci, hanyar bincike maras bayani, kasafin da aka kumbura, da kwafar aikin wasu. TETFund da jami'o'i suna shirya tarurrukan horaswa kan rubuta takardar. Inda aka mayar wa mai nema da sharhin masana, yakan yi amfani da shi ya gyara ya sake nema a zagaye na gaba.

A jihar Katsina

Makarantun jihar Katsina da ke cin gajiyar TETFund sun haɗa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta ce, don haka ba ta cikin makarantun da dokar 2011 ta ware wa kason shekara.

Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da ƙaramar hukumar Safana, ita kuma Safana tana maƙwabtaka da Batsari. Saboda haka yankin yakan zama farfajiyar binciken malamai da ɗalibai a fannonin noma, kiwo, lafiya, ilimi, harshe da tsaro.

Binciken fili a Batsari da Safana

Batsari da Safana suna yammacin jihar Katsina, a gefen dajin Rugu da ya miƙa zuwa jihar Zamfara. A ƙidayar 2006 Batsari tana da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya. Hakimin Batsari yana riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Tare da Ɗanmusa, ƙananan hukumomin suna mazaɓa guda a majalisar wakilai ta tarayya.

Yankin yana cikin waɗanda satar shanu, hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane suka fi addaba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta rufe wasu hanyoyi, ta hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura. A Satumban shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari, Safana da Dutsin-Ma, har na tsawon watanni. A wannan lokaci mai son shiga shafin intanet daga waɗannan garuruwa sai ya tafi inda akwai sabis, kamar birnin Katsina, hira ta waya da mutanen yankin kuma ta gagara. A Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a gidan da suke haya a garin.

Wannan yanayi yana shafar kusan kowane sashe na takardar da ta ambaci yankin.

Zaɓen samfuri. Alƙaluman ƙidayar 2006 sun tsufa, wasu ƙauyuka kuma sun watse, mutanensu sun koma garin Batsari, Safana, Dutsin-Ma ko Katsina. Takarda mai inganci tana faɗin inda za ta samo jerin gidaje na yanzu, da ƙauyen da zai maye gurbin wanda ba a iya shiga ba.

Izinin shiga. Baya ga takardar jami'a da ta kwamitin ɗa'a, baƙo yakan gabatar da kansa ga ƙaramar hukuma, hakimi, dagaci da mai unguwa. Wannan yana cin kwanaki da kuɗin mota, don haka yana da gurbi a jadawali da kasafi. Amincewar shugabanni ba ta maye gurbin yardar shi wanda za a yi hira da shi.

Kare mahalarta. A wurin da zargin kai rahoto ga jami'an tsaro ko ga 'yan bindiga kan jawo kisa, rubuta suna, ɗaukar hoto ko naɗar murya na iya jefa mutum cikin haɗari. Akan yi amfani da lamba maimakon suna, a kulle na'ura da kalmar sirri, a kuma karɓi yarda da baki a gaban shaida inda sa hannu ko dangwala yatsa ke tayar da hankali. Tafiya da rakiyar masu ɗauke da makamai tana kare ayari, amma tana sauya abin da mutane za su yarda su faɗa, kuma masu tantancewa suna son ganin an yi la'akari da haka.

Mataimaka. Tun da namiji baƙo ba ya shiga cikin gida wurin matan aure, ana buƙatar mataimaka mata. Hira a rugage kuma tana buƙatar mai jin Fulatanci. Ɗaukar 'yan asalin yankin yana sauƙaƙa shiga, sai dai yana buƙatar horo kan riƙe sirri domin sun san mutanen.

Harshe da ma'auni. Takardar tambayoyin da aka rubuta da Ingilishi ana fassara ta zuwa Hausa, wani ya sake mayar da ita Ingilishi domin a ga ko ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta a kan masu karin harshen Katsinanci. Manomi yana lissafa amfanin gonarsa da dami, buhu, tiya ko mudu, girman dami kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka sai an bayyana yadda za a mayar da su kilo. Haka kalmar gida tana iya nufin miji da matansa da 'ya'yansu, tana kuma iya nufin gandu mai magidanta da yawa da ke noma tare.

Lokaci. Damina tana kamawa daga wajen Yuni zuwa Satumba. A lokacin manoma suna gona da safe, wasu hanyoyin ƙauye kuma suna yankewa. Binciken amfanin gona yana ɗaure da kaka, kuma idan kuɗi ya makara aka rasa damina guda, sai a jira shekara. Watan azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ma akan duba shi wajen tsara hira da gwajin jini.

Kayan aiki. Manhajojin tattara bayanai irin KoboToolbox da ODK suna aiki ba tare da intanet ba, sai a tura bayanan idan an dawo inda akwai sabis. Kasafi yakan ƙunshi batirin ajiya ko ƙaramar sola don caji.

Masu ba da tallafi na waje sukan buƙaci teburin haɗura, mai nuna kowane haɗari, yiwuwar aukuwarsa, da matakin da za a ɗauka. A yanki irin wannan teburin yakan faɗi wanda ke da ikon dakatar da fita fili, sa'ar da ayari zai bar ƙauye, da wurin da za a koma da aikin idan hanya ta rufe.

Bayan samun tallafi

Wanda ya yi nasara yana karɓar wasiƙar bayarwa, shi da makarantarsa su sa hannu a yarjejeniya. Kuɗin yana shiga asusun makaranta ne, kuma kashi-kashi ake sakinsa. A tsarin IBR ana ba da kaso mafi girma a farko, ragowar kuma sai an kawo rahoton aiki da shaidar yadda aka kashe na farko. A NRF kwamitin sa ido yana bibiyar ayyukan da aka ba kuɗi. Duk wani babban sauyi, kamar canza ƙauyukan bincike saboda tsaro, ƙara wa'adi, ko ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, yana buƙatar rubutaccen izini tun kafin a yi shi.

Rahoton ƙarshe yana da nasa wa'adi. Malamin da bai rufe lissafin tallafin baya ba yakan rasa damar sake nema, kuma tarin irin waɗannan ayyuka yana iya jinkirta sakin kuɗin sauran malaman makarantarsa. Ana kuma sa ran a ambaci mai ba da tallafin a duk abin da aka wallafa, a kuma mayar wa al'ummar da aka yi binciken a cikinta da sakamakon a harshen da take ji.